Hoton Sojan da Ke Falon Kakana

Kakana ya rasu ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta roba a ƙofar gidanmu da ke unguwar Television, rediyonsa a kan cinya. Mai sayar da lemo ta gaishe shi har sau biyu bai amsa ba, ta wuce tana cewa tsohon nan ya soma girman kai. Sai da kakata ta fito da kofin kununsa aka gane abin da ya faru.

Baba muke ce masa, 'ya'ya da jikoki duka, ita kuma kakata Mama. A hannunsu na tashi. Kowa a layinmu ya san Baba ya yi yaƙin basasa, amma ba daga bakinsa aka sani ba, don ba ya zancen. Bayan an sallame shi daga soja ya yi gadi a wata masaƙa a Kakuri har ta rufe, daga nan ya koma wa 'yar gonarsa ta Kakau. Abin da ya rage masa na soja bai wuce goge takalmi ba, da ninke bargo kamar an sa ruwula, da kuma hoton nan na falo.

Hoton baƙi da fari ne, a cikin firam, yana rataye tsakanin agogon bango da kalandar coci. Wani saurayi ne mai dogon wuya da siririn gashin baki, ya karkata hular soja gefe guda, yana kallon mutum kamar zai tambaye shi takardunsa. Ina ƙarama na taɓa cewa, “Baba, kai ne wannan?”

Ya ce, “Me kika gani?”

Na ce, “Soja.”

Ya ce, “To, soja ne.”

Shi ke nan, na ɗauka an ba ni amsa. Haka duk muka ɗauka. Baban da muka sani gajere ne, ga faɗin fuska, ga kunnuwa kamar murfin tukunya, amma mun bar wannan a kan tsufa da wahalar duniya. Anti, ƙanwar mahaifiyata, kan tsayar da ɗanta na fari a ƙarƙashin hoton duk ranar Kirsimeti, ta ce wa baƙi su duba hancin nan, su duba wuyan nan, ai kamar an tsaga kara.

Kwana biyu da rasuwar, Kawu ya kira taro. Shi ne babban ɗan Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun da ya yi ritaya bai sami abin shugabanta ba sai wannan. Ya kafa kwamitin abinci, da na rumfuna, da na tarbar baƙi, ya naɗa kansa shugaban kowanne. Sannan ya miƙe tsaye, ko da yake a falo muke mu bakwai, ya ce Baba ya ba ƙasar nan ƙuruciyarsa ba wanda ya ce masa sannu, don haka ba za a binne shi kamar kowa ba. Sai an binne shi a matsayin soja. Ya je ofishin tsofaffin sojoji, suka yi masa alkawarin mutum huɗu da mai busa begila. Ya kai sanarwa gidan rediyo, aka karanta sunan Baba da muƙaminsa na kofur da lambarsa ta soja. Mama ce ta faɗi lambar da ka, ba ta ko yi gargada ba.

Ni kuwa, da yake a shagon buga takardu nake aiki a Trikania, aka ɗora mini duk abin da ya shafi hoto. Na sauke firam ɗin, na zare hoton a hankali. A bayansa akwai wani suna da aka rubuta da fensir, ya kusa gogewa. Na ce a raina sunan mai hoton ne, na juya shi. Na sa shi a kwamfuta na yi kwana biyu ina gyarawa. Na cire ɗigo-ɗigon tsufa, na sa wa kakin launin kore, na goge wani ɗan layi da na gani a saman girar hagu, wanda na ɗauka karce ne. Da na gama, mai shagonmu ya leƙo ya ce, “Kai, ashe kakanki ɗan gaye ne.” Na ji daɗi har wuya.

Muka buga shi a rigunan anko fiye da ɗari, farare, hoton a ƙirji, a ƙasa an rubuta sunan Baba da “Ka huta lafiya, jarumi.” Muka buga shi a takardar tsarin sujada, da kalandar rabawa, da jikin bokitan roba, da wani ƙaton ƙyalle da aka ɗaure a bakin layi daga wannan falwaya zuwa waccan. Mama ba ta ga ko ɗaya ba. Tana ɗaki cikin matan zumuntar coci masu zaman makoki, ga yanar ido ta dame ta, kuma ita farin leshi aka ɗinka mata, ba riga ba.

Ranar jana'iza, Asabar ɗin makon da ya biyo baya, wajen ƙarfe takwas na safe, ina tsaye a bakin layi ina raba takardun sujada, sai wani keke mai ƙafa uku na haya ya tsaya. Wani dogon tsoho ya fito da ƙyar, ƙafa ɗaya kafin ɗaya, da sanda da jakar bakko. Yana sanye da tsohuwar kwat mai lambobin yabo biyu a ƙirji. Ya ɗaga kai ya ga ƙyallen, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani ɗan acaba ya kauce masa yana zagi. Ya cire tabarau, ya goge da bakin kwat, ya mayar. Ya dubi matan da ke wucewa da kulolin shinkafa, kowacce da hoton a ƙirji. Sannan ya yafito ni.

“'Yata, wa ya mutu a nan?”

Na gaya masa sunan Baba.

Ya ce, “Shi na zo wa, tun daga Filato. A rediyo na ji. Amma wancan na sama fa?”

Na ce, “Shi ne, Baba, lokacin yana soja.”

Ya taɓa ƙirjinsa kamar mai neman wani abu a aljihu. Ya ce, “Ni dai da safen nan na sha kununa, na ci ƙosai a tasha, ban ji ciwon komai ba.”

Na ce, “Ban gane ba, Baba.”

Ya ce, “Wancan ni ne.”

Na yi irin murmushin da ake yi wa tsofaffi idan sun soma ruɗewa, na ce ya zo in ba shi kujera a inuwa. Bai motsa ba. Ya ce, “Abu ɗaya ne ban gane ba. Ina tabona? Akwai inda murfin akwatin harsashi ya sare ni a gira.” Ya ɗaga tabarau ya nuna mini. Ga shi nan, a saman girar hagu, ɗan layin nan da na zauna na goge da hannuna. Na tambaye shi sunansa da wata murya da ban san ina da ita ba. Ya faɗa. Shi ne sunan da ke bayan hoton.

Ban san lokacin da takardun suka zube daga hannuna ba.

Na samo Kawu a bayan gida yana yi wa masu dafa nama faɗa. Na ja shi gefe na gaya masa, muka fito bakin layi tare. Ya dubi tsohon, ya dubi rigar jikinsa, ya sake duban tsohon. Ya rusuna ya ce, “Baba, sannu da hanya. Don girman Allah, a bar maganar nan tsakaninmu mu uku har a gama. Akwai manyan baƙi. Akwai tsohon daraktana.”

Tsohon ya ce, “Ɗana, ni ban zo tona wa kowa asiri ba. Kai ni in gaida matar abokina.”

Mama na zaune a kan katifa, matan zumunta kewaye da ita. Tsohon ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya ce, “Amarya, sannu da haƙuri.”

Mama ta ɗaga kai da sauri. Ba wanda ya kira ta amarya tun kafin a haifi Kawu. Ta ce, “Wa nake ji haka? Kai ne? Kana nan da rai?”

Ya ce, “Ni ma haka na zata, amma a waje sun ce na mutu.”

Sai da aka yi mata bayani sau biyu. Ta ce in matso. Ta kama gaban rigata ta jawo ni har hancinta ya kusa taɓa ƙirjina, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sake ni ta ce, “Wa ya sa wannan mai dogon wuyan a rigar mijina?”

Kawu ya ce, “Mama, ai hoton falo ne!”

“Na san na falo ne. Ni nake goge masa ƙura.”

“To me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba shi ba ne?”

Ta ce, “Wa ya tambaye ni? Ku da idanunku lafiya lau, kun taɓa ganin ubanku da wuya?”

Wata daga cikin matan zumunta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Anti, wadda ta shigo ana tsakiyar magana, ta tsaya da baki buɗe. Can ta ce a hankali, “Amma ai ɗana…” Mama ta juya inda muryar ta fito ta ce, “Ke, kiyaye ni. Ɗanki da dangin ubansa yake kama, na gaji da jin wannan zancen kowace Kirsimeti.” Daga nan ba wanda ya iya riƙe dariya, a ɗakin makoki, motar ɗaukar gawa na hanya.

Tsohon ya zauna a kan kujerar da aka ba shi, ya buɗe jakar bakkonsa, ya fito da wani abu naɗe cikin tawul. Ya ce rana ɗaya aka ɗauke su hoton, shi da Baba, suna kurata, kafin a tura su bakin daga. Suka yi musaya, da alkawarin duk wanda ya rayu zai kai wa iyayen ɗan'uwansa hoton. Sai Allah ya sa duka biyun suka rayu, kuma ba wanda ya nemi nasa. Ya zo bikin Baba da Mama, suka yi ta wasiƙa na wasu shekaru, daga baya aka sauya masa wurin aiki, shi ma Baba ya tashi daga gidan haya, zumunci ya yanke.

Ya warware tawul ɗin. Wani ɗan yaro ne a hoton, siriri, an kifa masa hular kwano da ta fi ƙarfin kansa, kunnuwa ne kawai suka hana ta rufe masa fuska. Ido ɗaya a rufe, baki a ɗan buɗe, da alama mai hoton ya danna yana shirin yin atishawa. Rigar ta yi masa yawa har an naɗe hannun sau uku. Amma Baba ne. Ko daga nesa Baba ne.

Kawu ya leƙa ya ce, “Gaskiya, gara wanda muka buga.”

Mama ba ta kula shi ba. Ta karɓi hoton da hannu biyu ta kai shi dab da idonta mai ɗan gani. Ta shafa gilashin da babban yatsa ta ce, “Haka yake ranar da ya fara tare ni a hanyar rafi. Na yi masa dariya har tuluna ya faɗi.” Tun ranar Talatar nan ban ga hawayenta ba sai a lokacin.

Aka ji jiniyar mota a bakin layi. Kawu ya farfaɗo, ya ce a sanar kowa ya juya rigarsa ciki waje. Mama ta ce ba wanda zai juya komai. Ta ce, “Mijina da hannunsa ya rataye fuskar nan a falonsa, kullum yana kallonta yana shan kunu. Ku bar ta ta raka shi.” Ta miƙo mini hoton gaskiyar ta ce ni zan riƙe shi a gaban akwati, tunda ni ce gwanar hoto.

A cikin wannan ruɗani ba wanda ya tuna ya gaya wa Fasto. Coci ta cika har waje. Aka yi waƙoƙi, aka karanta tarihin Baba, Kawu ya yi jawabin da aka ba shi minti biyar ya ci ashirin. Tsohon na zaune a layin gaba kusa da Mama. Wata mai tarbar baƙi, da ba ta san komai ba, ta ga ba shi da anko ta ba shi riga, shi kuma ya sa ta a kan kwat ɗinsa ba musu.

Fasto ya hau mumbari ya ɗaga takardar sujada sama. Ya ce, “Jama'a, kowa ya dubi hoton da ke hannunsa. Ku dubi wannan saurayi. Ku dubi ƙarfi, ku dubi kyau, ku dubi ƙuruciya. Ina tambayarku, yau ina wannan saurayin yake?” Ya bi jama'a da kallo. Ya sake ɗaga murya, “Na ce, yau ina yake?”

Tsohon ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ya ce, “Ga ni nan, Fasto.”

Kawu ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Ni na ɓoye fuskata a bayan firam. Fasto ya tsaya da takarda a sama, bai san ko tsawatawa zai yi ko addu'a ba. Mama ce ta ce da ƙarfi, “A ba shi abin magana, gaskiya ya faɗa.”

Aka kai masa makirfo. Ya yi bayanin hoton a taƙaice, coci ta ɗauki dariya har masu ganga suka buga. Ya jira aka lafa. Sannan ya ce yana so mu san wanda ke cikin akwatin nan, tunda ba mu san fuskarsa ba.

Ya ce da damina ne, a cikin wani daji, aka harbe shi a cinya, kuma suka rabu da sauran 'yan'uwansu. Daga shi sai Baba. Ya ce wa Baba ya tafi ya bar shi, Baba ya ce ya rufe masa baki. Ya goya shi, gajere ya goya dogo, ƙafafunsa na jan ƙasa. Kwana biyu suna tafiya. Ya ce, “Kuma kada ku zata da daɗin rai ya yi. Tun daga farko har ƙarshe mita yake. Kai da cin tuwo, kai da nauyi kamar buhun gishiri, wallahi a gindin bishiyar can zan ajiye ka. In mun kai bishiyar sai ya ce ba wannan ba, ta gaba.” Ɗanyen rogo suka ci, suka sha ruwan da ya taru a ganye. Sau ɗaya tak Baba ya jefar da shi, ranar da kwarkwasa suka shiga masa wando. Da suka iso wurin mutanensu, Baba ya sauke shi a hankali, ya ƙame zai ba da rahoto, sai ya faɗi sumamme. Masu ɗaukar majinyata suka zo da gudu suka ɗauki Baba suka tafi, suka bar wanda aka harba a zaune.

Mutane na dariya suna share ido. Shi kuwa sai ya ce akwai sauran abubuwan da suka gani a dajin nan, waɗanda suka yi alkawarin ba za su kai wa iyalansu ba. Ya ce waɗanda ke ɗaya gefen ma yara ne kamarsu, masu kiran uwa idan abin ya zo. Ya ce, “Na ga ya cika alkawarinsa, ni ma zan cika nawa.” Ya miƙa makirfo ya zauna. Fasto ya rufe littafin wa'azinsa ya ce a tashi a yi addu'a.

A gonarsa ta Kakau aka binne shi, kamar yadda ya bar wasiyya, a gefen da yake shuka gyaɗa. Tsofaffin sojojin nan huɗu sun zo, uku da sanda. Suka shimfiɗa tuta a kan akwatin, suka jeru, tsohon ya shiga cikinsu ya zama na biyar. Mai begila ya kai ta baki ya hura, sai ta yi wani kuka kamar akuya ta maƙale a shinge. Ya cire haƙoran robarsa, ya sa a aljihu, ya sake gwadawa. Wannan karon ta fita tas, doguwa, ta ratsa gonakin har masu noma a nesa suka ɗaga kai. Dattawan nan biyar suka ƙame iya yadda bayansu ya yarda, suka sara. Tsohon ya kira muƙamin Baba da lambarsa, bai duba takarda ba, ya ce, “Kofur, an sallame ka. Je ka huta.” Bai sauke hannunsa daga goshi ba sai da aka fara zuba ƙasa.

Kwana uku ya yi a gidanmu. Kullum da hantsi shi da Mama suna ƙofar gida suna gardama kan wanda ya yi rawa da wa a ranar bikinta. Masu zuwa gaisuwa sanye da anko sukan durƙusa su gaishe shi, su dubi ƙirjinsu, su rasa abin cewa. Ranar da zai tafi ya ce a sauke masa ƙyallen bakin layi. Kawu ya tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce zai rage wa 'ya'yansa aiki, suna kawai za su sauya. Ya haɗa da riguna shida da bokiti biyu. Ya kuma ce in buga masa kwafin hoton Baba, don ƙusar da ke bangon ɗakinsa ba ta saba zama haka nan ba, kuma ya gargaɗe ni kada in gyara komai, ko kunne ko ido. Na buga masa yadda yake. Na raka shi tashar mota ta Television, inda ya yi rigima da wani ɗan kasuwa kan kujerar gaba har sai da ya ɗage wando ya nuna wa duk tashar cinyarsa.

Bayan mako biyu ya kira ni a waya. Ya ce ya isa lafiya, amma na jawo masa magana. Jikarsa ta sa ɗaya daga cikin rigunan ta je kasuwa, wata tsohuwa da ta san shi tun yana saurayi ta gani, ba ta tsaya karanta sunan ba. Kafin la'asar matan cocinsu sun cika masa gida da kuka da kwanukan abinci, suka tarar da shi a tsakar gida yana ɓare gyaɗa.

Na ce, “Wayyo Baba, ka yi haƙuri. Me ka ce musu?”

Ya ce, “Na ce su ajiye abincin tukuna, sannan a yi bayani.”